Yaron Da Ke Zane A Bayan Littafinsa

A ƙarshen zango na uku, sa'ad da damina ta kankama masara ta kai ƙugu, wani dattijo ya zo makarantarmu a kan babur. Daga wani ƙauye yake tsakanin Malumfashi da Kafur. Muka gaisa, muka tambayi gida da gona. Sai ya zaro littattafan rubutu guda uku daga aljihun rigarsa ya ajiye a gabanmu, ya ce, "Malam, dubi abin da ɗan naka yake yi da kuɗin takina."

Muka buɗe. A gaba lissafi ne da Turanci. A baya kuwa kowane shafi cike yake da zane: ga shanun huɗa suna jan garma, ga motar ɗaukar auduga an yi mata lodi har sama, ga mahaifiyar yaron tana surfe, har da yadda zanenta ya naɗe a ƙugu. Yaron ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, ya kuma ce shi darasin zane yake so ya ɗauka a babbar sakandare. Uban kuwa likita yake so, ko injiniya. Ya dube mu ya ce, "Malam, gaya mini gaskiya. Zane abinci ne?"

Tambayar ta cancanci amsa, gama ba shi kaɗai yake yinta ba. Kafin mu amsa kuwa, dole mu malamai mu faɗi namu laifi. Sau da yawa mun kama yaro yana zane a cikin aji, muka tsala masa bulala, muka yaga takardar, ba mu ko tsaya mun dubi abin da ya zana ba. Horon yana da dalili, domin lokacin lissafi na lissafi ne. Amma mun manta mu tambayi kanmu ko akwai wata baiwa a hannun da muke duka.

Abin Da Ake Koya

Tun da aka kawo tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, sakandare ta rabu biyu, shekara uku ƙarama, shekara uku babba. A ƙaramar, kowane yaro yakan ɗan taɓa zane tare da kiɗa da wasan kwaikwayo. A babbar ne ake zaɓe. Darasin zane da ƙira ba na dole ba ne a can, sai wanda ya zaɓa. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, duka suna yin jarrabawarsa kamar sauran darussa.

Mutane da yawa suna tsammani darasin hutu ne, a ba yaro fensir ya yi ta wasa. Ba haka ba ne. Abu na farko da ake koya shi ne kallo. Malami zai ajiye tulu da ƙwarya da zangarniyar dawa a kan tebur, ya ce a zana. Nan ɗalibi zai gane ashe bai taɓa duban tulu da kyau ba. Ina haske ya faɗa? Ina inuwa ta kwanta? Sau nawa tsawon tulun ya fi faɗin bakinsa? In an zo zanen mutum, zai koyi cewa tsawon baligi yakan kai tsawon kansa sau bakwai da rabi, jariri kuwa kansa ya fi girma in aka gwada da jikinsa. Wanda ya taɓa tsayawa a kan layin dogo da ya tashi daga Funtua ya nufi Gusau ya ga yadda ƙarafan nan biyu suke kamar za su haɗu can nesa, alhali ba sa haɗuwa. Akwai ƙa'idar da ake bi a sa wannan nisa ya fito a kan takarda, ana kuwa koyonta da ma'auni, kamar lissafi.

Sai launi. Ja da shuɗi da rawaya su ne iyaye. A haɗa shuɗi da rawaya a sami kore, ja da rawaya su ba da ruwan lemo, ja da shuɗi su ba da shunayya. Ɗalibi zai koyi waɗanne launuka suke zama lafiya da juna, waɗanne suke faɗa, da kuma abin da ya sa rubutu baƙi a kan allo rawaya yake karantuwa daga nesa.

Bayan wannan akwai rassa. Akwai tsara rubutu da tambari da allon talla da bangon littafi. Akwai zanen yadi, wato rini, da ɗaure-ɗaure, da buga ado a kan ƙyalle. Akwai ginin tukwane da yumɓu, da sassaƙa, da aikin fata, da saƙa, da zanen ƙwarya. Akwai kuma tarihi. Ɗalibi zai karanta labarin mutum-mutumin yumɓu na Nok a kudancin Kaduna, waɗanda suka haura shekara 2,000, da aikin tagulla na Ife da Binin da Igbo-Ukwu, da zanen da mutanen dā suka bari a jikin duwatsun Birnin Kudu, har da ayyukan Masar da na Turai.

Jarrabawar ma kashi-kashi take. Akwai tambayoyin zaɓi, akwai na rubutu mai tsawo, sa'an nan akwai aikin hannu, inda ɗalibi zai zauna sa'o'i yana zana abin da aka ajiye a gabansa, ya kuma tsara wani aiki na kansa. Yaron da bai iya Turanci ba zai sha wuya a kashi biyun farko, komai gwanintar hannunsa. Wanda ya yi hadda kawai kuwa, aikin hannu zai tona shi, domin ba a satar amsar tulu.

Gadonmu Ne

Kada wani ya ce wannan abin Turawa ne. Ƙasarmu ƙasar auduga ce. Tun kafin zuwan Turawa an san ƙasar Maska da saƙa. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, baba da toka take amfani da su, irin waɗanda kakanninmu suka sani. Wanda ya ɗinka aska takwas a gaban babbar riga mai zane ne, haka mai ɗinkin hula, haka macen da ta ƙawata ƙwaryar amarya, haka magini da ya fitar da dagi a goshin zaure. Muhammadu Durugu, wanda aka yi wa laƙabi da Babban Gwani, shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, har yau masu koyon tsara gine-gine suna nazarin bakan gizon da ya ɗaura.

Da Turawa suka zo, kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, aka shimfiɗa layin dogo a ƙarshen shekarun 1920 domin kwashe ta. A 1978 aka kafa masaƙa a Funtua. To, a nan akwai abin lura. Mu ne muke noma audugar, mu tsince ta da hannunmu, mu sayar a kan kilo. Sa'an nan ta dawo mana atamfa, mu saya da tsada. Tsakanin buhun auduga da turmin atamfa akwai hannuwa da yawa, ɗaya daga cikinsu kuwa na mai zane ne, wanda ya zauna ya tsara furen da ya sa matanmu suka zaɓi wannan turmi suka bar wancan. Me zai hana wannan hannu ya zama na ɗan Bakori ko 'yar Ɗanja?

Shigar zane cikin makarantun boko kuwa, wani mutumin Ijebu-Ode ne ya yi ta faɗi-tashi a kai, Aina Onabolu, wanda ya rayu daga 1882 zuwa 1963. Ya koyar a makarantun Ikko, ya matsa wa gwamnati har ta kawo wani malami daga Ingila, Kenneth Murray, a 1927. A 1955 aka mai da sashen koyon zane na babbar kwalejin ƙasa daga Ibadan zuwa Zariya. A 1958 waɗansu ɗaliban wurin suka kafa ƙungiya, cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo, da Bruce Onobrakpeya. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarun da Turawa suka kawo, a haɗa da abin da aka gada a gida. Daga baya Grillo ya yi tagogin gilashi masu launi a majami'un Ikko, Nwoko ya tsara ɗakin sujada na 'yan Dominikan a Ibadan, Onobrakpeya kuma ya yi hotunan littattafai da yawa. Kwalejin nan ita ce ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga ta nan kusa da mu, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci daga Funtua.

In kana da takardar naira 20, juya bayanta. Matar da ke ginin tukunya a wurin ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda ta koyi sana'ar tun tana yarinya a ƙauyensu. A 1954 ta shiga makarantar tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. Tukwanenta sun kai Ingila da Amurka. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa, ta rasu a 1984. Tutar ƙasarmu ma, kore da fari, wani ɗalibi ne mai shekara 23, Taiwo Akinkunmi, ya zana ta a 1959.

Batun Gumaka

Akwai wata damuwa da waɗansu iyaye ba sa faɗa a fili, amma tana ransu. Da yawa daga cikinmu kakanninmu sun bar tsafi da wahala, ba ma so 'ya'yanmu su koma sassaƙa siffofi. Damuwar tana da tushe. Amma mu duba da kyau. Dokar da ke cikin Fitowa sura 20 ta hana yin siffa domin a rusuna mata a bauta mata. A cikin littafin nan kuma, sura 31 da sura 35, an ambaci mutum biyu da sunansu, Bezalel na kabilar Yahuza da Oholiyab na kabilar Dan, waɗanda Allah ya ba su fasahar aikin zinariya da azurfa da tagulla, da yankan duwatsu, da sassaƙar itace, da ɗinkin ado da saƙa, har da iya koya wa waɗansu. Dokas ta Yafa da allura ta yi wa gwauraye hidima. Ashe gwanintar hannu kyauta ce, abin tambaya shi ne abin da aka yi da ita. Ɗalibin da zuciyarsa ba ta kwanta da sassaƙar siffar mutum ba yana da sauran rassa a buɗe, ga yadi, ga tukwane, ga tsara rubutu.

To, Abincin Fa?

Mu koma kan tambayar dattijon nan. Ranar kasuwa ka bi babban titin Funtua ko na Malumfashi, ka ƙirga abin da mai zane ya taɓa. Allon kowane kanti. Tambarin da ke jikin buhun iri da na taki da na shinkafa. Ledar ruwan sha. Bajen rigar 'yan makaranta. Katin biki, da kalandar ƙungiyar zumuntar mata, da takardun 'yan takara lokacin zaɓe, da hotunan da ma'aikatan lafiya suke mannawa domin allurar rigakafi. Rubutu da furannin bayan manyan motoci. Kowane ɗaya an biya wani kafin ya fito, sau da yawa kuwa a Kano ko Kaduna ko Zariya aka biya shi.

Wanda ya ci jarrabawa yana da hanyoyi. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai sashen zane da sassaƙa, akwai kuma sashen ƙirar kayan masana'antu, inda ake koyon zanen yadi, da tukwane da tangaran, da tsara ɗab'i. Manyan makarantun horon malamai a Zariya da Katsina suna horar da malaman zane, waɗanda makarantunmu suke ƙishinsu. Kwalejojin fasaha na Kaduna da Kano suna da darussan da suka shafi tufafi da ɗab'i. Wanda bai sami wucewa ba, ya riga ya fita da abin yi a hannunsa. A shekarun nan da rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu a wajajen Faskari da Sabuwa da Ɗandume, mun ga amfanin sana'ar da mutum zai iya ɗauka a jaka ya tafi da ita.

Gwamnati ma ta gane haka. A 2011 an shigo da darussan sana'a 34 cikin babbar sakandare, har da rini, da fenti, da ɗaukar hoto, da aikin fata. A 2025 aka sake tsarin, aka rage su zuwa 6, ɗinki da tsara tufafi yana cikin waɗanda aka bari.

Amma ba za mu ɓoye muku wahalar ba. Masaƙar farko ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, waɗansu suka bi bayanta, yadin waje ya cika kasuwa. Ba kamar dā ba, masaƙa ba ta jiran mai takarda a bakin ƙofa. Yawancin masu zane yanzu kansu suke yi wa aiki, wata rana a samu, wata rana a rasa. Aikin allo da na ɗab'i ya koma kan kwamfuta, har an kai inda na'ura take fitar da hoto in an gaya mata abin da ake so. Saboda haka wanda ya tsaya a kan buroshi kaɗai za a bar shi a baya. Sai dai na'urar tana bukatar mai ido, wanda ya san wannan launi bai dace ba, wannan rubutu ya cushe, wannan hula ba irin tamu ba ce. Idon nan kuwa a gaban tulu da ƙwarya ake samunsa. Ga kuma tsadar fenti da takarda. Ga shi ba kowace makaranta take da malamin zane ba, musamman a ƙauye.

Abin Da Iyaye Za Su Yi

Da fari, a gwada yaron. Son zane dabam, naci dabam. A saya masa littafin zane da fensir, a raba shi da bayan littafin lissafi. A ce ya zana abu ɗaya kowace rana daga abin da yake gani, akuya, ko garma, ko hannun kakarsa, ya sa kwanan wata. Bayan wata uku a jera a duba. In ya ci gaba ba tare da an tuna masa ba, aikin kuma yana gyaruwa, to, akwai abu a wurin. In ya watsar bayan mako biyu, an huta da gardama.

Na biyu, a yi bincike kafin ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare. A je makarantar a tambayi shugabanta: akwai malamin zane? Ana yi wa ɗalibai rajistar darasin a WAEC ko NECO? Mun san yara da suka kai aji uku kafin su ji cewa makarantarsu ba ta yin jarrabawar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, kada a bar shi ya saki sauran darussa. Jami'a tana neman kiredit biyar, har da Turanci. Masu son ƙirar kayan masana'antu ko tsara gine-gine suna bukatar lissafi, mai son tangaran da gilashi kuwa zai gamu da kimiyyar haɗa sinadarai. Sharuɗɗan sukan canja, don haka a duba littafin hukumar JAMB na shekarar da ake ciki tare da malami. Yaron da ya ce ya zaɓi zane domin ya guje wa lissafi, a gaya masa ba mafaka a wurin.

Na huɗu, kada tsadar kaya ta tsorata mu. Gawayi yana zane. Yumɓu yana fadama. Jar ƙasa da farar ƙasa, in an tace an haɗa da ƙaro, fenti ne. Karan dafi yana ba da ja, gangamau yana ba da rawaya, baba yana ba da shuɗi, lalle ma yana nan. Kullun rogo yana hana rini shiga inda ba a so a jikin ƙyalle. Gashin jelar saniya a bakin kara buroshi ne. Ɗalibin da ya iya haɗa kayansa ya fi wanda ya saya sanin aikin.

Na biyar, a lokacin dogon hutu, bayan an sassauta aikin gona, a kai shi wurin mai sana'a, ko marini, ko tela mai aikin wuya, ko baduku, ko mai rubuta allo, ko shagon ɗab'i inda zai taɓa kwamfuta. A can zai koyi abin da aji ba ya koyarwa, wato yadda ake yanka farashi, da cika alkawari, da haƙuri da mai kaya. A kuma adana ayyukansa masu kyau a cikin kwali, nesa da gara da ɗigon ruwa, gama wata rana su ne shaidarsa a gaban malami ko mai ba da aiki.

Duk abin da muka faɗa ya shafi 'ya'ya mata daidai da maza. Yarinyar da ake kira gida-gida ta yi wa amare lalle ta riga ta san layi da daidaito. Kada a ce nata iyakarsa ke nan.

Mu ma a ikilisiya muna da abin yi. Maimakon mu kai kuɗin allon majami'a da tutar taron matasa wani gari, mu ba 'ya'yanmu aikin, mu kuma biya su. Malaman makarantar Lahadi su nemi masu zane su taimaka da hotunan darasi.

Dattijon nan bai tafi da cikakkiyar yarda ba, ba mu kuwa matsa masa ba, gama shi ne uba, shi ya san nauyin gidansa. Abin da muka shirya da shi ke nan: yaron zai ɗauki zane tare da lissafi da kimiyya, zai yi hutunsa a wani shagon ɗab'i a Funtua bayan an gama noman biyu, a ƙarshen shekara kuma mu zauna mu uku mu dubi sakamako. Da zai hau babur ya sake buɗe littafi ɗaya, ya daɗe yana duban shanun huɗan nan, ya ce, "Wannan bakin nawa ne, ga karyayyen ƙahonsa." Ya mai da littattafan aljihu, bai bar mana ko ɗaya ba.

Ya ku iyaye, yau da dare ku karɓi littattafan 'ya'yanku, ku duba gaba, sa'an nan ku juya ku duba baya.